Ranar da Aka Auna Yayana Yana Tsaye

Akwai wani fito da ba na son ji. Kwanan baya ina zaune a ƙofar gidana a Madawa ina tsinke zogale, sai salular ɗan maƙwabciyata ta yi kuka a aljihunsa. Kukan kuwa fiton nan ne, siriri, mai hawa ya sauko kamar ana kiran wani daga bayan dutse. Yaron bai san inda aka samo shi ba, daɗinsa kawai ya ji ya sa a waya. Ni kuwa sai da na ajiye faifan. Na ce masa ko ya canza kukan, ko ya riƙa bi ta bayan gida. Ya wuce yana dariya, wai tsohuwa ta fara ruɗewa. To, kai da kake karatu, bari in gaya maka abin da ban tsaya gaya masa ba.

Garinmu yana cikin ƙasar Buza, a gindin jajayen duwatsun nan masu shimfiɗaɗɗen kai, waɗanda in ka hango su daga nesa sai ka ce wani ne ya bi su da wuƙa ya daidaita. Gero muke nomawa a tudu, dawa a kwari. Da an gama girbi maza su kama hanyar kurmi biɗa, wato ci-rani, wasu su dawo da damina, wasu su manta hanya. Babanmu yana cikin masu jimawa. Saboda haka gidan da na tashi a ciki innata ce, da kakana wanda ya haifi babanmu, da yayana, sai ni.

Kakana daga gidan masu ƙasa ya fito, irin waɗanda a da suke yanka a gindin dutse kafin a yi shuka. Ya kama salla tun ba a haife ni ba, kuma ban taɓa ganin lokacinta ya wuce shi ba. Amma akwai abubuwan da bai bari ba har ya koma ga Allah. Ba a fito a gidansa, kuma yaro ba ya fita yawo rana tsaka. In ka tambaye shi dalili sai ya ce lokacin ba namu ba ne, na wasu ne, fito kuwa da shi ake kiransu. Ni kaɗai nake iya yi masa gardama, don yana kirana amaryarsa, ni kuma ina ce masa mijin da ba haƙori, ba zanen salla.

Yana da wani aiki da ya sa yara suke kauce masa a hanya. In an yi mutuwa a garin, shi ake kira. Zai zaɓi karan dawa miƙaƙƙe, ya shiga inda aka shimfiɗe mamacin, ya ɗora karan daga kai zuwa diddige, ya karya abin da ya yi saura. Da wannan karan masu gina kabari suke sanin tsawon ramin. Ƙarar karyewar nan, ƙas, ita ke gaya wa matan da ke tsakar gida cewa magana ta ƙare. Shi ya sa ba a auna mai rai da kara a garinmu. Ko da wasa yaro ya gwada tsawon ɗan'uwansa da shi, sai uwarsa ta bi shi da muciya.

Shekarar da nake ba ka labari, yayana ya dawo daga Abijan da kayan da garin bai taɓa gani ba: tele, da bidiyo, da ƙaramin gurup mai ba da wuta, da jaka cike da kaset. A kansa kuma akwai wata faffaɗar hular fata mai lanƙwasassun gefe, wadda ko tuwo zai ci ba ya cire ta. Ya share zauren gidanmu, ya rataya bargo a ƙofa don duhu, kullum bayan la'asar samari da yara su cika shi. Ni aka ba tallan gyaɗa a bakin ƙofa, ka ga ke nan babu fim ɗin da ya wuce ni. Akwai na Indiya, akwai na ƴan karate, amma na kaboyi su suka kama garin. Ranar farko da aka sa ɗaya, duwatsu na bayyana a tele wani yaro ya miƙe ya ce ai bayan garinmu ne. Kuma da gaskiyarsa. Jajayen duwatsu, busasshen kwari, rijiya ɗaya tal ana faɗa a kanta. Ba mu ji shi kamar labarin wasu mutane na nesa ba.

Faransanci suke yi, mu kuwa namu bai wuce gaisuwar lakol ba, wadda ake koya a makarantar boko. Yayana ke fassarawa, yana tsaye gefen tele, kuma yanzu na gane rabin abin da yake faɗa daga cikinsa yake fitowa. Amma fim ɗin kaboyi ba ya neman tafinta. Ba a jima ba na haddace dokokinsa fiye da karatun allona. Baƙo zai shigo gari a kan doki shi kaɗai, ba sallama, ba kuma wanda zai tambaye shi mutanen gida. Ba shi da uwa, ba shi da gona, ba ka taɓa ganin ya zauna ya ci ya ƙoshi. Akwai shef bandi, wato shugaban ƴan fashi, mai baƙar hula da ya taka wa mutane wuya. Akwai mai tauraro a ƙirji da suke kira sharif, wanda innata ta leƙo sau ɗaya ta gani, ta ce ita ba ta taɓa ganin Sharifi da kwalbar giya ba, ta tofar da yawu ta koma ciki. Akwai kuma mutanen kan dutse masu gashin tsuntsu a ka, waɗanda aikinsu kawai su yi kururuwa su faɗo daga doki. Duk abin da za a yi a yi, ƙarshen ɗaya ne. Rana za ta tsaya tsaka, fiton nan ya tashi, mutanen gari su kwashe ƴaƴansu su rufe tagogi, hanya ta yi wayam, mutum biyu su tsaya suna kallon juna. Ɗaya ya faɗi. Ɗayan ya hau doki ya tafi bai waiwaya ba.

Kafin gero ya nuna, samarin garinmu sun canza tafiya. Sai ka ga yaron da jiya-jiya yake bin jaki a guje, yau yana takawa sannu, ƙafa a ware, da tsinke a baki. Gaisuwa ta gajarce, wasu ma hula kawai suke taɓawa. Fito kuwa ta ko'ina, a hanyar rijiya, a bayan masallaci, a gona. Tsofaffi suka yi ta ƙunƙuni, amma ba wanda ya ɗauki abin da nauyi.

Kakana ya daure da ƙugin gurup da fiton da ke fitowa daga zauren gidansa har ya gaji. Wata rana ya ce, amarya, ki kai ni in ga abin da ya cinye hankalin mutane. Aka shimfiɗa masa buzu a gaba. Da farko ya tambayi yayana ma'anar kaboyi. Yayana ya ce mai kiwon shanu ke nan.

"Ashe Bahillace na," in ji kakana.

Zaure ya ɗauki dariya, ban da yayana. Da mutanen kan dutse suka fara faɗowa, kakana ya tambaya ƙasar ta wace ce tun asali. Yayana ya ce tasu ce, masu dokin nan daga baya suka zo. Sai na ga kakana ya sunkuyar da kai yana murza carbi har wurin ya wuce. Amma da aka zo ƙarshe, hanya ta yi wayam, ya ɗago ya matsa gaba yana duba gefen tele kamar akwai wanda ya ɓuya a can. Ya tambaya ko garin nan babu tsoho ne, babu mai shiga tsakani. Samari suka ce ya yi shiru, yanzu ne wurin daɗin. Aka yi harbi, aka hau doki, rubutu ya fara hawa, kowa ya miƙe yana kakkaɓe wando. Shi yana zaune. Yayana ya ce masa ai an gama.

"Ba a gama ba. Ga mutum can kwance cikin rana. Wa za ya wanke shi? Wa za ya gaya ma uwatai?"

Yayana ya ce ba a nuna wannan a fim. Kakana ya naɗe buzunsa, ya ce to sun yanke wurin da aikin yake. Bai sake shiga zauren ba.

Yanzu sai in gaya maka zancen Fulaninmu. Na ce namu, don kowace shekara bayan girbi gida ɗaya ne ke sauka a gonarmu ta tudu. Shanunsu su ci kara su bar mana taki, matansu su kawo nono su karɓi gero. Tsohonsu abokin kakana ne tun suna samari. Yana da ɗa sa'an yayana, dogo, siriri, mara yawan magana, wanda in ya gan ni a rugarsu yakan ɗebo mini kumfar madara a ƙoƙo. Doka ɗaya ce tsakaninmu, dabba ba ta shiga gona sai maigari ya yi shelar an saki gonaki. To a shekarar ruwa ya ɗauke da wuri a arewa, ciyawa ta ƙone, suka gangaro tun dawa tana tsaye a kwari. Wata safiya aka tarar shanu sun shiga dawarmu, daidai ɓangaren da yayana ya noma da hannunsa. Saurayin nan ne ke tare da su, barci ya sace shi.

Ba yau aka fara irin wannan ba, kuma hanyar gyaransa sananniya ce. A je wurin maigari, dattawa su zagaya gonar su ga ɓarna, a biya, a sha fura. Tsohon Bafillacen ma tun kafin hantsi ya aiko da ban haƙuri. Amma yayana yana tsaye a ƙofar zaure cikin masu kallonsa, mutanen da kullum suke ganinsa gefen tele da hula yana magana da bakin jarumi. Ya tura hular baya da ɗan yatsa, ya ce shi ba ya kai ƙara wurin tsofaffi. Ya kira ƙanwar saurayin da ke tallan nono, ya ce ta gaya wa yayanta su haɗu a rijiya gobe rana tsaka. Samari suka kalli juna, sun gane. Yarinyar kuwa ba ta gane komai ba, haka yayanta. Bai taɓa shiga zaurenmu ba, kuma rana tsaka dama lokacin da yake shayar da shanunsa ne, bayan mata sun gama ɗiba. A wurinsa magana za a yi.

Washegari kasuwar Buza ke ci. Innata ta tafi tun da sassafe, haka maigari da yawancin dattawa. Garin ya rage yara, da samari, da tsofaffin da ƙafa ta ƙi. Na ga yayana ya yi wanka ba ranar Juma'a ba. Ya ɗaura jan ƙyalle a wuya. Ya zauna bakin rumbu yana wasa adda a kan dutse, sannu, yana gwada kaifin da babban yatsa, yana fito a tsakar gidan kakana. Na kai masa fura ya ce ba ya sha. Samari suna ta wucewa ta ƙofar gida, ba sallama, su leƙo su wuce. Ko kaji ranar ban ji kukansu ba, ko kuma ni ce kunnena ya toshe. Na san fim ɗin nan, na san inda ya dosa. Abin da ban sani ba shi ne wa zai faɗi, don saurayin ba ya rabuwa da takobi a kafaɗa, kuma na taɓa ganin ya kashe maciji da sanda bugu ɗaya. Ina son yayana duk da shirmensa, shi ya goya ni lokacin da innata ke jinya. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Inuwar rumbu na komawa gindinsa, yayana ya miƙe ya fita. Na ruga bayan gida inda kakana ke gyaran darni, na gaya masa komai ina haki. Bai sa na maimaita ba. Bai kuma yi sauri ba. Ya juya ga tarin karan da yake aiki da shi, ya zaro ɗaya, ya kanne ido ya duba miƙewarsa, ya yar. Ya zaro wani. Haushi ya cika ni, na ce tsoho, za su kashe juna kai kana zaɓen kara? Maganar na fita daga bakina na gane karan me yake zaɓa. Ya ware guda biyu dogaye, ya saɓa a kafaɗa. Mutumin da bai taɓa barin na fita rana tsaka ba, shi ya ce in wuce gaba in riƙe masa hannu.

Kafin in kai ka bakin rijiyar, akwai abin da ya kamata ka sani game da faɗan garinmu. Maza suna faɗa, sosai ma. Amma kafin hannu ya tashi, hannu goma sun riƙe shi. Wannan ya kama kugu, wancan ya rungume ƙirji, wata tsohuwa ta faɗo tsakiya tana salati. Daga nan ne za ka ji jarumi yana ta fizge-fizge yana cewa ku sake ni in kashe shi. Kowa ya san ba mai faɗin haka sai wanda ya tabbata an riƙe shi gam. Ta haka mutum yake fita da girmansa, abokin faɗansa ya fita da ransa. Ban san wannan riƙon ne ke tsare garinmu ba sai ranar da na ga babu shi.

Abin da ya fi ba ni tsoro a bakin rijiyar ba addar ba ce, filin ne. Samari sun hau katangar garka, wasu sun jeru a inuwar bagaruwa, yara sun laɓe bayan kwamin shayarwa. Sun ja da baya, sun bar fili fetal a tsakiya, yadda suka ga ana yi. Matan da suka makara da ɗiba sun bar tulunansu sun gudu. Yayana yana tsaye, ƙafa a ware, adda a hannun dama, hula ta rufe masa ido. Can gabansa saurayin ne, guga a ƙasa, shanu a bayansa. Na ga a fuskarsa sai yanzu ya fahimci ba magana aka kira shi ba. Ya duba hagu, ya duba dama, yana neman wanda zai shigo, bai ga kowa ba. Gudu kuwa ba zai yi ba a gaban mutane, ko da za a yanka shi. Hannunsa ya tafi sannu ya kama ƙotar takobi. Daga kan katanga wani ɗan banza ya fara fiton.

Kakana ya saki hannuna, ya shiga filin yana jan takalmi. Ya yi sallama da ƙarfi, irin ta mai shiga gidan mutane. Ba wanda ya amsa sai saurayin, shi ma a ciki-ciki. Fiton ya mutu. Kakana bai ce ku bari ba, bai ce ku ji tsoron Allah ba. Ya je gaban yayana, ya miƙa hannu ya cire hular nan ya ajiye a ƙasa, ya ce ita ba ta shiga rami. Kan yayana ya fito, sabon aski, da zufa, da tabon da ya samu tun yana yaro da ya faɗo daga jaki. Sai ya koma yayana kawai.

"Tsaya daidai," in ji kakana. "Ƙasa ta yi tauri bana. In na jira sai kun ƙare, masu gina na kai magariba."

Ya kafa karan a gindin diddigensa, ya miƙar da shi har tsakar ka, ya sa yatsa, ya karya. Ƙas. Na ji wata mata ta saki salati daga bayan darni. Ya taka zuwa wurin saurayin, wanda ya fara durƙusawa don gaisuwa, ya ce masa a'a, miƙe, ɗana, kai ka fi tsawo. Ya auna shi, ya karya. Wannan ƙarar ta biyu har yau tana cikin kunnena.

Sannan ya dawo tsakiya da kara biyu, ya musanya su. Ya miƙa wa yayana na saurayin. Yayana ya miƙo hannun hagu, don dama tana riƙe da adda. Kakana bai saki karan ba, ya tsaya yana kallon hannun. A gaban garin nan duka, ba yadda za a yi jika ya karɓi abu daga hannun kakansa da hagu. Na ga yayana ya dubi addar. Can sai ya sunkuya ya ajiye ta kusa da hular, ya karɓa da dama. Saurayin ma ya saki ƙotar takobi, ya karɓi na yayana da hannu biyu.

"Nan ba a hawa doki a tahi," in ji kakana. "Wanda duk yas saura cikinku, shi za ya kai karan ɗan'uwanai ga uwatai, shi gaya mata da bakinai. Ni na gaji da kai irin wanga saƙo." Ya juya ga masu katanga. "Ku kuma da kunka zo kallo, ku tahi ku ɗauko dagi. Kallo ba ya gina rami."

Ba wanda ya motsa. Sai wata saniya da ƙishi ya ishe ta, ta ture saurayin ta sa baki a kwami. Kamar ita ake jira. Tsohuwar da ke salati ta faɗo cikin filin tana jan zane, wani gurgun dattijo ya biyo ta, samari suka diro daga katanga da kunya a fuska, suka rufe su biyun. Wani ya rungume yayana ta baya, wani ya take addar. Sai a lokacin na ji muryar yayana ta tashi, yana cewa ku sake ni, ku sake ni in gama da shi. Wallahi ban taɓa jin magana mai daɗi irin wannan ba. Na zauna a ƙasa na yi ta kuka.

Da yamma maigari ya dawo, aka zagaya gona, aka yi abin da tun farko ya kamata a yi. Innata ba ta yi wa yayana magana ba har aka gama sussuka. Tele ya ci gaba da aiki na ɗan lokaci, amma yayana ya daina tsayawa gefensa, daga baya ya sayar wa wani mutumin Keita. Hular kuwa kaza ce ta gaje ta, ta yi ƙwai a ciki. Karan saurayin kuwa yayana ya soke shi a rufin madafa, inda hayaƙi ke hana gara, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa dalili.

Kakana bai ga damina ta gaba ba. Ciwon ƙirji ne, irin na tsofaffi. Amma matan garin suka ce wanda ya auna mai rai, a kansa awon yake komawa, kuma shi ya fi kowa sanin haka lokacin da yake zaɓen karan. Ni na yi lakol daga baya, na san ciwon ƙirji ciwon ƙirji ne. Duk da haka ban taɓa yi musu gardama ba. Yayana ne ya auna shi, don babu wanda ya yarda ya taɓa karan, kuma daga ranar aikin ya zama nasa har tsufansa.

Bara yayana ya rasu, a kan shimfiɗarsa, da jikokinsa kewaye. Na koma gida zaman makoki. Garin ba yadda na bar shi ba ne. Yanzu ba sai an kunna tele ake ganin mutane da ƙyalle a fuska ba, a kan moto, wato babur, suke zuwa, kuma in an ji ƙuginsu a bayan dutse kowa ƙofarsa yake rufewa. Fulani sun daina sauka a gonarmu tun da jimawa. Su suna tsoronmu, mu muna tsoronsu, masu moto kuwa duka suke ci. Ina cikin gida tare da mata ana karɓar gaisuwa, sai na ji hayaniyar ƙofar gida ta ɗauke gaba ɗaya. Na san irin wannan shirun. Na ja mayafi na fita.

Wani tsohon Bafillace ne tsaye, dogo, ya rankwafa, ƙafafunsa sun yi furu-furu da tafiya. A hannunsa akwai wani dogon abu naɗe da tsumma. Samarin garin, jikokin masu katanga, sun ja da baya sun bar fili kewaye da shi, suna kallon tsumman, wasu hannu a cikin riga. Wani ma ya ɗaga salula yana ɗauka. Ba wanda ya amsa sallamarsa. Na duba ko akwai tsohon da zai shiga, sai na ga ashe ni ce tsohuwar. Na shiga, na amsa masa.

Ya warware tsumman. Karan dawa ne, baƙi ƙirin, ya karye a wurare an ɗaure da zare. Ya ce ya ji labari a kasuwar Deule, ya tambayi innarmu aka ce ta jima da rasuwa.

"Tsoho ya ce wanda yas saura shi za ya kai. Ni nis saura."

Na karɓa da hannun dama. Na sa aka kawo masa ruwa da tabarma, ya zauna cikin dattawa ya yi addu'a, amma bai yarda ya kwana ba. Da zai tafi na ce masa nasa yana nan a rufin madafa, ko in ɗauko masa. Ya girgiza kai, ya ce ba a ba mutum nasa, kai masa ake yi. Na tambaye shi ina rugarsu take yanzu. Ya nuna gabas, sannan ya nuna arewa, ya yi ɗan murmushi ya ce bana dai ba su san inda za su kwana biyu a wuri ɗaya ba.

Karan awonsa, na rufin madafa, yanzu yana hannuna, na taho da shi Madawa na soke a rufin ɗakina. Wani lokaci in na kwanta hutun azahar sai in yi ta kallonsa. Ban san wa zai kawo mini labari ba in lokacin ya yi, ban kuma san inda zan kai shi ba. Na tambayi ƴaƴan yayana ko akwai wanda zai raka ni ranar, duk suka ce hanyar ba ta biyuwa.